Komawa aiki ba dalilin yaye ba ne

Lokacin da aka tura ni SIWES, 'yata tana da wata 7. Inna ta ce in kawo ta Kademi a yaye ta, in ji da aikina. Wallahi har na haɗa mata kaya, sai na fasa.

Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ambaci shekara 2 cikakku ga mai son cika shayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce nono zalla wata 6, sannan a haɗa da abinci har shekara 2. Dokar ƙwadago ta Najeriya kuwa ta ba ma'aikaciya mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana.

Don haka ragewa na yi. Tana sha da asuba da yamma, da rana ƙanwata ta ba ta kunun gyada da wanda na tatsa. Akwai wahala, ba ƙarya.

'Yan'uwa masu goyo, SIWES wata 4 ne kawai, kada mu yaye yara saboda shi. Ƙungiyarmu kuma ta nema mana ɗakin shayarwa ko guda ɗaya a makaranta, mu daina raɓewa a bayan aji.