Gurka sun yi suna, mazanmu na Bama fa?

Duk inda aka yi zancen jarumtar soja a duniya, da wuya a tashi ba a ambaci Gurka ba, wato sojojin ƙasar Nepal da Ingila take ɗauka aiki tun zamanin yaƙin da ta gwabza da su daga 1814 zuwa 1816. Har samarinmu na nan Kura sun san su. Idan an tashi daga dashen shinkafa an zauna a bakin kanal, za ka ga an haɗa kai a kan waya guda ana kallon su da lanƙwasasshiyar wuƙarsu mai suna kukri, ana jinjina kai. Ban ga laifin yaran ba, Gurka maza ne. Goma sha uku daga cikinsu sun karɓi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a sojan Ingila.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a dajin da Gurka suka ƙara suna a Yaƙin Duniya na Biyu, kakanninmu suna nan kafaɗa da kafaɗa da su, kuma yaran ba su sani ba.

A 1944 rundunar Chindit ta Janar Wingate ta kutsa bayan sahun Japanawa a ƙasar Bama. Cikinta akwai bataliyoyin Gurka, akwai kuma bataliya uku na sojan Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta ratsa kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota, abinci da harsashi sai dai jirgin sama ya jefo. Ta 82 ta bi ta Arakan, aka karɓe garin Myohaung a Janairun 1945. Da Hausa ake magana a bataliyoyin Nijeriya, har Turawan hafsoshi sai da suka koye ta. Tambarin runduna ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye cikin gammo, domin da ka mutanenmu suka ɗauki kayan yaƙi suna hawa duwatsu da su cikin damina da sauro.

Na taso na tarar da ɗaya daga cikinsu, ƙanin kakana, wanda muke kira Baba Soja. Yana da shekaru da yawa lokacin da ruwan Tiga ya iso gonakinmu, amma sai da ya yi noman alkama. Yana da wata adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gado. Ciki akwai littafin sallama da ya yi ja don tsufa, da lambar tagulla mai siffar tauraro a naɗe cikin tsumma. Ba ya son labarin yaƙi. Abin da ya fi faɗa shi ne matsattsaku, yadda suke manne wa mutum a ƙafa, sai an ɗana musu wutar taba su saki. Da ya rasu aka raba gado, adakar ta bi wani ɗaki, takardun gara ta cinye.

To me ya sa sunan wasu ya cika duniya, na wasu ya tsaya a adaka? Ba jini ba ne. Turawa ne suka ƙirƙiro zancen cewa wasu ƙabilu an haife su don yaƙi, suka faɗa wa Gurka, suka faɗa wa Hausawa tun zamanin dakarun Glover a Legas a 1863, alhali talauci da umarnin hakimi ne suka kai da yawa bariki. Bambancin shi ne Gurka sun sami masu riƙe labarinsu. Suna da gidan tarihi a Winchester, an rubuta littattafai a kansu, kuma tsofaffinsu ba su yi shiru ba. Sun je kotu, sun yi zanga-zanga, har a 2009 gwamnatin Ingila ta amince wanda ya yi shekara huɗu yana aiki kafin 1997 ya zauna a ƙasar. Namu an sallame su da kuɗin da bai kai na farar fata ba, suka dawo gona. Suna kamar kanal yake, in ba a yashe shi, ciyawa ce ke rufe shi.

Ga barikin Chindit a Zariya, ga Kalapanzin a Kaduna, ga na Chari Maigumeri a Lokoja. Mutane na wucewa kullum, kaɗan ne suka san cewa sunayen suna da alaƙa da yaƙin Bama.

Waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Amma 'ya'yansu suna nan a Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma akwai adakun da gara ba ta kai gare su ba tukuna. Ina kira ga sashen tarihi na Jami'ar Bayero da Gidan Makama su turo ɗalibai ƙauyukan nan su ɗauki hoton takardu, su naɗi muryar magada. Dagatai da masu unguwanni sun san gidajen. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohon soja a zuriyarku, je ka tambayi gwaggonka inda aka ajiye littafinsa tun tana da rai.