Digirin Bayoloji da Ƙofofin da Ba Ya Buɗewa Shi Kaɗai

A jami'o'in Najeriya, da yawa daga cikin ɗaliban bayoloji likitanci suka cike a JAMB, maki ya gaza, aka juyar da su zuwa nazarin halittu. Bayan shekara huɗu da hidimar ƙasa, sai su tarar ƙofar da suka fi sa wa rai a rufe take. Gwajin jini da fitsari a asibiti aiki ne na masu lasisin majalisar MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, kuma digirin bayoloji kaɗai ba ya kai mutum ga wannan lasisi. Koyarwa ma tana bukatar shaidar PGDE da rajistar TRCN.

Wuraren da ake bukatar wannan ilimi suna nan: hukumar NAFDAC, cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, da kamfanonin abinci da ruwan sha masu gwada ingancin kayansu. Sai dai guraben kaɗan ne, kuma an fi ɗaukar mai digiri na biyu ko wanda hannunsa ya saba da ɗakin gwaji.

A ganina, hakki ne a kan jami'a ta faɗa wa ɗalibi wannan gaskiya tun shekarar farko. Wanda ya sani da wuri zai zaɓi inda zai yi SIWES da idon basira, ya ɗora binciken kammala karatunsa a kan fannin da yake son ci da shi. Wanda aka ɓoye wa kuwa, sai ya riƙe takarda a hannu sannan zai fara tambayar hanya.