Fanshon Kai da Kai: Shawara Kyauta Ce, Ko Kuwa?



A watan jiya wani saurayi ya shigo ɗakin malamai a makarantarmu ta nan Kumasi, da jaka cike da fom. Ya ce kamfaninsu zai buɗe mana asusun fansho na ƙashin kanmu, shawarar da zai ba mu kuma kyauta ce. Na ce, "Samari, to kai wa ke biyanka?" Ya yi murmushi ya ce kamfani. Na ce, "Shi kuma kamfanin wa ke biyansa?" Nan fa ya yi shiru. Amsar ita ce ni da kai, mai karatu. Ruwa ba ya tsami banza.

Kada a ɗauka ina kushe abin. Ni kaina na haura arba'in, sittin kuwa ba nisa. Dokar fansho ta ƙasar nan, mai lamba 766 ta shekarar 2008, ta kasa tanadin tsufa hawa uku. Na farko shi ne SSNIT, na biyu asusun wurin aiki, kuma duka biyun dole ne ga mai albashi. Ana tara kashi 18.5 cikin 100 na tsurar albashi, ma'aikaci ya ba da 5.5, mai aiki ya ba da 13. Hawa na uku na ganin dama ne, kuma shi ne ƙofar da aka buɗe wa mahautanmu, teloli, masu goro, direbobi da iyayenmu mata masu waake da koko, waɗanda ba wanda ke yanke musu komi a ƙarshen wata.

Amfaninsa a fili yake. Mai albashi zai iya zuba har kashi 16.5 cikin 100 ba tare da an cire masa haraji ba, muddin ya bar kuɗin shekara 10. Mai sana'ar kansa kuwa ana raba masa asusu biyu, ɗaya na tsufa, ɗaya na ajiya wanda zai iya taɓawa kafin lokacin. Adashe yana da ranarsa, amma ba ya riƙe mutum shekara 20.

To, ga inda gizo ke saƙa. Hannu huɗu ne ke cin abinci a kan kuɗinka: amintaccen da ke riƙe da asusun, manajan da ke juya kuɗin, bankin da ke ajiye su, da hukumar NPRA mai sa ido. An ƙayyade cewa ladansu gaba ɗaya kada ya wuce kashi 2.5 cikin 100 a shekara. Mutum zai ce wannan ai ba komi ba ne. Amma a lura, ba daga abin da ka zuba bana kaɗai ake cirewa ba, daga dukan abin da ka tara ne, kowace shekara, ko an ci riba ko ba a ci ba.

Mu ɗauki alli. A ajiye maganar riba gefe, a ce ka zuba sidi 1,000 ka bar su shekara 20. In ana cire 2.5 duk shekara, abin da zai rage wajen 603 ne. In 1.5 ake cirewa, wajen 739. Wato bambancin kashi ɗaya tak ya ci 136 a kowane dubu. Wannan shi ne kuɗin shawarar da aka ce kyauta ce.

Sai dai araha ba ta ado. A watan Nuwamba na 2019 hukuma ta soke lasisin kamfanonin juya kuɗi 53, mutane da yawa suka yi ta sintiri a kan guminsu. A Disamba 2022 kuma hauhawar farashi ta haye kashi 54 cikin 100, ta cinye ajiyar masu ɓoyo a ƙarƙashin katifa. Wanda ya hana ka faɗa wa rami irin waɗannan ya ci ladansa. Wanda kuwa bai san komi ba sai fom ɗin kamfaninsa, dillali ne, a saurare shi yadda ake sauraron dillali a kasuwar shanu.

Saboda haka kafin ka sa hannu ko ka dangwala, yi tambaya huɗu. Sunan kamfanin yana cikin jerin waɗanda NPRA ta ba lasisi? Nawa ne jimillar abin da za a cire a shekara, a rubuce? Me suka ba masu ajiya a shekaru biyar da suka wuce, bayan an cire lada? In na so komawa wani kamfanin, ko na rasu, yaya iyalina za su yi? Mai gudun kuɗin ruwa ya ƙara ta biyar: ina ake zuba kuɗin? Domin kaso mai yawa na kuɗin fansho bashi ake bai wa gwamnati.

Na miƙa wa saurayin nan tambayoyina a takarda. Ya ce zai dawo da amsa. Ranar da ya kawo, zan gwada ta da ta kamfani biyu, sannan in zaɓa. Amma ba zan bari shekarar nan ta ƙare ban buɗe ba, don da sanyin safiya ake kama fara.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.