Gyaran da ke kashe tsofaffin kundaye

'Yan'uwa mazauna zango, akwai wata ɓarna da ake yi wa kundayen iyayenmu, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Magaji ya buɗe gafaka ya tarar da warƙa ta yage, sai ya liƙe ta da salatif, ko ya kai ta shago a rufe ta cikin leda da zafin inji. A ganina wannan ya fi cin gara muni, domin ita gara ana korarta. Salatif kuwa, bayan 'yan shekaru danƙonsa yakan ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita, ledar da ta narke a kan tawada kuma ba ta ɓaruwa sai da rubutun.

Ba mu muka fara ba. A shekarun 1930 wani Ba'amurke, William Barrow, ya fito da dabarar rufe takardun tarihi da irin wannan fata mai sheƙi. Gidajen adana tarihi suka yi ta binsa, daga baya suka daina da suka ga illarta.

Ƙa'idar masana a yau ita ce: kada a yi gyaran da na baya ba zai iya warwarewa ba. Shi ya sa suke ɗinke yaga da siririyar takardar Japan da kunun sitacin alkama, wanda ɗan danshi ke sakinsa. Ko wannan aikin gwani ne, domin tawadarmu ta ƙaro ba ta shiri da ruwa.

Yarjejeniyar Venis ta 1964, wadda aka tsara domin tsofaffin gine-gine, ta shardanta cewa gyara ya tsaya inda zato ya fara. Almajiri bai kamata ya ji wannan baƙo ba, tunda amanar nassi aka rene mu a kanta. Idan gara ta ci layi, kada ka cike shi da alƙalaminka ko da ka haddace littafin. Rubuta a wata takarda dabam ka ajiye tare. Kada kuma ka datse gefen da ya zagwanye. Nan hashiyar malamai take, nan kuma kalmar ƙasan shafi take, wadda ke nuna warƙar da ke biye, tunda littattafanmu ba ɗinkakku ba ne.

Wanda bai sami gwani ba ya ɗaga kundin daga ƙasa, ya nisanta shi da bango mai laima, ya naɗe shi da farin ƙyalle, ya ɗauki hoton kowane shafi kafin damina ta sauka.