Kuɗin Riga Ko Kuɗin Tambari?

Tun da hunturu ya kama, kusan kullum sai an yi gardamar rigar sanyi a ɗakin kwananmu, musamman mu da aka tura Zadawa koyarwar gwaji. Mu kan bar Azare tun da duku-duku a bayan mashin, iska tana dukanmu har kunne ya mutu. Wasu suka ce ba magani sai riga mai suna, irin su The North Face, ko da kuɗin abinci za a taɓa. Ni kuwa na ce a tsaya tukuna, a duba abin da mutum ya ke biya.

Ba na musu, ta ainihi tana da aiki. An kafa kamfanin The North Face a Amurka a 1966 domin masu hawan duwatsu. Irin waɗannan riguna a kan cusa musu lallausan gashin dinya ko na agwagwa, ba nauyi, ga riƙe ɗumi. Akwai kuma wani yadi da a ke kira Gore-Tex, wanda Bob Gore ya gano asalinsa a 1969. Ƙofofinsa ƙanana ne ainun, ɗigon ruwa ba ya shiga, amma tururin gumi yana fita. Wanda zai kwana cikin ƙanƙara, lalle ransa ya fansa da kuɗin nan, bai yi asara ba.

To, amma mu ina ƙanƙarar? Sanyinmu na Disamba da Janairu ne, busasshe, ba ruwa ko ɗigo. Daga asuba zuwa hantsi ya ke cizo. Kafin a tashi tara malam ya tuɓe rigar ya rataya a bayan kujera, da azahar kuwa har inuwa ya ke nema. Watau an sayar maka da maganin ruwa da ƙanƙara, kai kuwa iskar sa'a uku ce damuwarka.

Wannan ma in ta ainihin ka samu ke nan. Da yawa daga waɗanda a ke ratayewa a kasuwanninmu jabu ne, tambarin kawai aka ɗinka a ƙirji. Wani abokina ya sayi wata bara, mai sunan wani babban kamfani, ya yi mako yana taƙama. Mako na biyu zif ya tsinke. Da tela ya farke ta zai gyara, sai ga wani siririn soso a ciki, ko gashi ɗaya babu. Mun yi masa dariya, amma fa gari da ƙuli ya sha har ƙarshen wata.

Shawarata ita ce mutum ya nufi wajen 'yan gwanjo, ko nan Azare, ko ya ba mai zuwa Kano saƙo Kasuwar Ƙofar Wambai. Ya bar kallon suna, ya juya rigar ciki waje ya dubi ɗinki. Ya ja zif sama da ƙasa sau uku. Sa'an nan ya kafa baki a yadin ya hura. In ya ji iska a tafin hannunsa, ta hanya ma za ta shiga. Wani lokaci ma a cikin dila a ke dacewa da ta ainihin, da kuɗi kaɗan. A sa suwaita daga ciki, a naɗe kunne da hanci da hirami saboda ƙura. Riga biyu marasa kauri sun fi mana guda mai kauri, domin in rana ta ɗaga sai a cire ɗaya. Makiyaya da ke kwana a daji da gwado da malafa ba su san sunan kowane kamfani ba.

Inda na yarda a ƙara kuɗi shi ne rigar ruwa da takalmi, don ruwan Agusta ba ya wasa, ta wajen ɗinki kuma ya ke shiga. Nan ma a duba ko an liƙe ɗinkin daga ciki.

Wani abu kuma, 'yan'uwa. Yaran ajina su kan zo da rigar makaranta guda, hannu a hammata, ba sa iya riƙe fensir sai rana ta fito. Ragowar kuɗin da ban ba tambari ba ya sayo wa uku daga cikinsu suwaitar gwanjo, kuma saura da yawa.