Maganin Kare, Gubar Kyanwa

Masu iya magana sun ce abincin wani gubar wani. Wannan karin magana ya dace ƙwarai da halin da kyanwa ke ciki a Lafiya, garin manoman shinkafa da riɗi da doya, inda ita ce mai gadin rumbu da shagon ɗan kasuwa.

Magungunan ƙuma da kaska da ake ɗiga wa kare a doron wuya, da yawansu suna ɗauke da sinadarin famatirin, wanda ake rubuta sunansa Permethrin a jikin kwali. A wasunsu yawansa yakan kai kashi 45 zuwa 65 cikin ɗari. Jikin kare yana iya ɗaukarsa, amma hantar kyanwa ba ta da ƙarfin narkar da shi, watau sai ya taru ya kama jijiyoyinta. Ba lalle sai an shafa mata ba. Kwanciya kusa da karen da aka ɗiga wa, ko lasar gashinsa, ya isa. Cikin 'yan sa'o'i sai a ga dalalar miyau da makyarkyata, sa'an nan farfaɗiya, wani lokaci har mutuwa.

To, kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. Gidan da ya rasa kyanwa ya buɗe wa ɓera ƙofa, ɓera kuwa ɓarnarsa ta wuce cin hatsi, domin shi ne mai yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969, wadda kuma ta sha taɓa Jihar Nasarawa.

Saboda haka wajibi ne mai gida ya karanta kwali kafin ya saya, ya kuma raba kare da kyanwa har kwana uku bayan ɗiga maganin. In tsautsayi ya auku, a wanke ta da sabulu da ruwa mai ɗan ɗumi, a garzaya da ita asibitin dabbobi. Famatirin ba shi da makari, amma likita yana da allurar tsayar da farfaɗiya.

Hukumar NAFDAC, wadda a 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni, ya kamata ta tilasta rubuta gargaɗi da Hausa a kan kowane kwali. Masu shagon maganin dabbobi kuma, hakkinsu ne su tambayi mai saye ko akwai kyanwa a gidansa kafin su karɓi kuɗinsa.