Greggs: Hannun jarin ya yi araha, amma tsaya tukuna

Idan kana bin masu koyar da harkar hannun jari a TikTok ko X, ka saba jin cewa duk abin da farashinsa ya faɗi, lokacin saye ya yi. To bari mu gwada wannan magana a kan Greggs, kamfanin gasa burodi da sayar da abincin tafi-da-gidanka da ya cika titunan Birtaniya.

Ba ƙaramin kamfani ba ne. John Gregg ya fara ne da tallan ƙwai da yis a kan keke a Newcastle, ya buɗe shagon farko a 1951, a 1984 kuma kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan. A 2024 cinikinsa ya haura fam biliyan 2 a karon farko, shagunansa sun wuce 2,600. Ka ga ai ba wanda zai ce ba ya ciniki.

Duk da haka, a 2025 farashin hannun jarinsa ya zube sosai. Me ya jawo?

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne albashi. A Afrilun 2025 gwamnatin Birtaniya ta ƙara kuɗin inshorar ƙasa da masu ɗaukar ma'aikata ke biya, daga kashi 13.8 zuwa 15 cikin ɗari, mafi ƙarancin albashi kuma ya koma fam 12.21 a awa. Greggs na da dubban ma'aikata a bakin kanta, saboda haka wannan ƙari ya ci shi fiye da kamfanin da injina ke yi wa aiki. Ba shi da mafita sai ƙara farashi, alhali duk sunan da ya yi, da araha ya yi shi. Ɗalibi ko leburan da ke shiga da safe don canjin aljihunsa ya isa, ranar da ya ji tsada, a gida zai karya kumallo. A watan Yulin 2025 ma kamfanin ya yi gargaɗin cewa ribarsa za ta iya raguwa, ya ce zafin da aka yi a Yuni ya rage masu shigowa. Abin dariya ne gare mu 'yan Arewa, amma can abinci mai zafi ba ya tafiya a irin wannan yanayi.

Masu kyakkyawan zato suna da hujja. Shugabar kamfanin, Roisin Currie, na son shaguna su wuce 3,000, kuma an zuba kuɗi a sabbin cibiyoyin rarraba kaya a Derby da Kettering. Ni dai abin da nake dubawa daban ne: shin tsofaffin shagunan cinikinsu na ƙaruwa, ko sabbi ne kawai ke kumbura lissafin? Idan sabon shago yana janye masu sayen na kusa da shi ne, an ƙara haya da albashi kenan ba a ƙara ciniki ba.

Sai wata magana da masu bidiyon ba sa kawowa. Abin da Greggs ya fi shahara da shi wani naɗin fulawa ne mai kama da Gala, sai dai nasu da naman alade ake yi. In kai Musulmi ne, wannan tambaya ce da za ka kai wa malaminka tun kafin ka buɗe manhajar, ba sai riba ta shigo asusunka ba.